Ɗana ya sake faɗuwa bayan mun daina ba shi maganin farfaɗiya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana ɗan shekara tara ne. Sau uku yana faɗuwa yana kakkafewa, kumfa na fita a bakinsa. Wani mai kemis ya ba mu Tegretol, ya yi wata biyu lafiya lau, sai muka daina. Satin da ya wuce ya sake faɗuwa a makaranta. Dangin babansa sun ce iska ce, a bar maganin asibiti. Ina mafita?
Wata uwa daga Rigasa, Kaduna

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba yaro lafiya. Abin da kika bayyana ya yi kama da farfaɗiya, amma ba a kemis ake tabbatar da ita ba. Likita kan kira ciwo farfaɗiya idan mutum ya yi jijjiga aƙalla sau biyu, tazararsu ta wuce awa 24, ba tare da zafin zazzaɓi ko faɗuwar sukarin jini ba. Jijjigar da yara 'yan wata shida zuwa shekara biyar ke yi idan jikinsu ya ɗauki zafi, wannan daban take. Asalin ciwon a ƙwaƙwalwa yake. Wahalar haihuwa, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, ko buguwar kai, duk suna iya barin tabon da zai haifar da ita, sau da yawa kuma ba a gano dalili. Idan da girma ta fara wa mutum, mukan nemi shanyewar ɓarin jiki ko ƙari a kai. Ba a ɗaukarta ta yawu ko ta taɓa mai ita.

Ki kai shi Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa, ko Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika a Zariya. Ki tafi da wanda ya ga faɗuwar da idonsa. In ta sake faruwa, wani ya ɗauki bidiyo da waya: ina ido ya juya, hannu ɗaya ne ya fara karkarwa ko jiki duka, ya saki fitsari, ya ciji harshe? Za a iya yin gwajin EEG, wato na auna yadda ƙwaƙwalwa ke aiki, amma ko ya fito lafiya bai kore farfaɗiya ba.

Wannan bayanin ne ke zaɓa mana magani, domin farfaɗiya iri-iri ce. Akwai wadda yaro zai yi shiru kawai yana zare ido na 'yan daƙiƙu, malamai su ɗauka shashanci ne, kuma Tegretol na iya tsananta irin wannan. Mukan fara da magani ɗaya, kaɗan, a riƙa ƙarawa. Na yaro da nauyinsa ake aunawa, don haka yana girma ana gyara adadin.

Inda abin ya fi damuna shi ne dakatarwar da kuka yi. Wata biyun da ya samu lafiya maganin ne ke aiki, ciwon na nan. Yanke shi kwatsam na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, mai iya kisa. Sai ya yi kimanin shekara biyu bai faɗi ba likita zai duba yiwuwar ragewa, a hankali cikin watanni. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har kashi 70 cikin ɗari na masu farfaɗiya za su iya daina faɗuwa idan sun samu magani daidai. Ki sayi na gaba tun na hannu bai ƙare ba. Idan yana kan shan maganin sai ƙuraje suka feso masa, ko baki da ido suka yi gyambo, ki kai shi asibiti a ranar. Ga 'yan mata da matan aure kuma, wani maganin farfaɗiya mai suna Epilim na iya naƙasa jariri a ciki, sai a yi shawara da likita tun kafin a ɗauki juna biyu.

Addu'a ba na hana ta, a yi masa, amma ki roƙi babansa ya tsaya a kan maganin. Idan ya faɗi, a kwantar da shi a gefe ɗaya, a tare kansa da tsumma, a janye shi daga murhu. Kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu sai ya farfaɗo sarai. Jijjiga ta wuce minti biyar, a garzaya asibiti. Ki faɗa wa malamin ajinsu wannan, kuma a hana shi wankan rafi da jan ruwa a rijiya shi kaɗai.