Ku Tambaya Mu Amsa: Ginin da ke jikin kofin tsaraba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗan yayata da ke karatu a Jamus ya zo Umara, ya kawo mini tsarabar kofin tangaran. A jikinsa akwai zanen wani ƙaton gini baƙi da fari, an rubuta Köln a ƙasa. Hasumiyarsa guntuwa ce, da wani abu kamar karkatacciyar sanda a kanta. Maƙwabciyata ta ce yaƙi ne ya rusa shi. Gaskiya ne? Kuma me ya sa tagoginsa suke kama da na masallaci?
— Wata 'yar'uwa daga Jidda

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A gaida maƙwabciya, amma a nan ba ta canka ba. Ginin bai rushe ba, ba a gama shi ba ne lokacin da aka zana shi.

Babbar majami'ar birnin Kolon ce, wato Köln ɗin da aka rubuta, a bakin kogin Rhine. An aza harsashinta a 1248, aka yi ta aiki har kuɗi da himma suka ƙare, aka tsaya. Wannan karkatacciyar sandar injin katako ne na ɗaga duwatsu, wanda magina suka bari a kan hasumiyar kudu. Ya yi wajen shekara 400 a wurin, har ya zama alamar garin, ba a sauke shi ba sai 1868. An koma aikin a 1842 bisa tsohon tsarin magina na farko da aka gano takardunsa, aka kammala a 1880. Hasumiyoyin biyu suka kai mita 157, kuma na 'yan shekaru babu ginin da ya fi su tsawo a duniya. Ke nan zanen kofinki ya girmi 1868, ko kuma an kwaikwayo wanda ya girme ta. Ni dai na fi son wannan hoton a kan na ginin da aka gama, domin a cikinsa ana ganin hannun leburan da ya ajiye aiki da niyyar dawowa.

Batun tagogi kuwa, idonki bai yaudare ki ba. Wannan salon gini ana kiransa Gotik, ya fara a Faransa, a majami'ar Saint-Denis kusa da Faris, wajen 1144. Sirrinsa shi ne baka mai tsini a sama, wato lanƙwasar da ke saman taga ko ƙofa. Baka mai zagaye yana tura bango gefe da ƙarfi, shi ya sa dole bangon ya yi kauri, taga ta yi ƙanƙanta. Mai tsini yana sauke mafi yawan nauyi ƙasa. Ragowar turin sai aka tare shi da tokarai na dutse da ke tasowa daga waje kamar haƙarƙari. Da bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda shi aka cika da gilashi mai launi. Amma wannan bakan Musulmi sun riga Turawa amfani da shi da ɗaruruwan shekaru. Masallacin Ibn Tulun na Alƙahira, da aka gama a 879, cike yake da shi. Masana da dama suna ganin ta Sisili da kudancin Italiya ya shiga Turai, kodayake haɗa shi da tokarai da rufin haƙarƙari dabarar maginan Faransa ce, a ba su haƙƙinsu.

Idan kin taɓa ɗaga kai a soron sarki a gida, kin ga bakan gizo da ɗaurin guga, kin riga kin san rabin sirrin. Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina masallacin Juma'a na Zariya da ƙasa da azara ya warware matsala iri ɗaya: yadda za a rufe fili mai faɗi, nauyi ya bi ta haƙarƙari ya sauka kan ginshiƙi.

Yanzu ki kusanto da kofin ga haske. Za ki ga babu fenti mai ruwan toka a ko'ina, siraran layuka ne kawai. Inda inuwa take, layukan sun matsu sun gitta juna. A sararin sama sun yi nesa da juna. Mai zanen ya yanka kowane layi da hannu a farantin tagulla ko ƙarfe, da 'yar kurfi mai kaifi, kuma a juye, domin in an buga a takarda ya fito daidai. Ana cusa tawada cikin yankan, a goge saman, a danna takarda mai danshi. Faranti ɗaya kan ci watanni. Masu kofuna suna son waɗannan zane-zane don sun tsufa har haƙƙin mallakarsu ya faɗi, kowa na iya bugawa.

Galibin irin wannan kofi da zafi ake shigar da tawadar cikin shafen da ke jikinsa. Don haka kada ki goge shi da soson ƙarfe, kada ki bar shi a taga, ranar Jidda tana cin launi. Soso mai laushi da sabulu ya isa, shayi mai zafi kuma ba ya yi masa komai.