Tambaya da Amsa: Sai An Yi Sayayya Kafin a Hau Saman Kanti a Kalli Birni?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Nan ba da daɗewa ba zan yi tafiya zuwa wani babban birni tare da mahaifiyata, wadda ta manyanta kuma take fama da ciwon gwiwa, da kuma yarana biyu ƙanana. An ba ni labarin cewa a tsakiyar birnin akwai wata katafariyar cibiyar kasuwanci mai farfajiya a saman rufinta, inda mutane ke tsayawa su hango gari baki ɗaya. Ina sha'awar in kai su, amma ina fargabar a tare mu a ƙofa a ce sai mun sayi wani abu, ko kuma hawan ya wahalar da mahaifiyata. Shin kuɗi ake biya? Wane lokaci ya fi dacewa, kuma babu haɗari ga yara? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya ƙara wa mahaifiyarki lafiya, Ya kai ku lafiya Ya dawo da ku lafiya. Ki kwantar da hankalinki, domin da yawa daga cikin irin waɗannan wurare kyauta ake hawa, kuma babu wanda zai nemi ki nuna rasidin sayayya. A birnin Paris, farfajiyar da ke saman babban kantin Galeries Lafayette a buɗe take ga kowa, kuma daga can ana hango hasumiyar Eiffel. A Landan akwai One New Change, cibiyar da aka buɗe a 2010, wadda samanta ke fuskantar ƙubbar majami'ar St Paul, ita ma ba a karɓar kuɗi. A Tokyo kuwa, cibiyar kasuwanci ta Ginza Six da aka buɗe a 2017 lambu ne sukutum aka shuka a kan rufinta, mai faɗin kusan murabba'in mita 4,000.

Sai dai yana da kyau ki san dalilin wannan kyauta, saboda saninsa ne zai kare miki aljihu. Mai kanti ya fahimci cewa hawa na ƙasa ba ya rasa mutane, amma da wuya a samu wanda zai hau zuwa na biyar ko na shida haka kawai. Shi ya sa yake ajiye abin da ya fi jan hankali can ƙololuwa, ko gidajen abinci, ko wurin wasan yara, ko wannan farfajiya, domin wanda ya hau dole ya sauko, kuma a hanyar saukowa zai ratsa ta gaban kaya hawa bayan hawa. Masu manyan kantuna a Japan sun daɗe da sanin wannan dabara, har suna kwatanta ta da ruwan da aka sako daga sama yana jiƙa duk abin da ke ƙarƙashinsa. Ki lura kuma za ki ga a wurare da yawa matakalar lantarki mai hawa tana gefe guda, mai sauka tana wani gefen, ta yadda sai mutum ya zagaya tsakanin shaguna kafin ya ci gaba. Ni ban ga laifin ɗan kasuwa a nan ba, sana'arsa yake yi. Amma tunda kallon gari ne ya kawo ki, shawarata ita ce ku nufi sama kai tsaye tun ƙafafu ba su gaji ba, tun hannu babu ledoji, sannan idan akwai sayayya a yi ta a ƙarshe.

Wannan ya kawo mu ga batun mahaifiyarki, wanda a ganina shi ne mafi muhimmanci a tambayarki. Kada ki ɗora ta a kan matakalar lantarki hawa shida ko bakwai, domin ɗora ƙafa da sauke ta a kan abin da ke motsi yana da wuya ga mai ciwon gwiwa, balle ma kina riƙe da yara. Da shigarku ki nemi teburin masu ba da bayani ko wani mai gadi, ki tambaye shi wane lif ne yake kaiwa har saman rufi. Tambayar tana da amfani ƙwarai, saboda a wasu gine-gine, musamman tsofaffi, lif yana tsayawa ne a hawa na ƙarshe na shaguna, sauran kuma sai an taka matakala da ƙafa, alhali sau da yawa akwai wani lif na daban da aka tanada domin masu keken guragu da tsofaffi, wanda ba a ganinsa sai an tambaya. Manyan cibiyoyi da dama suna ba da aron keken guragu, kuma babu abin kunya a karɓa. Ki tambaya kuma ko akwai kujerun zama a sama waɗanda ba na gidan abinci ba, domin a wasu wuraren kujera ta mai sayen abin sha ce kaɗai, tsayuwa ce kyauta.

Akwai kuma inda ƙofa biyu ce, ɗaya ta kuɗi ɗaya ta kyauta. Misali Arenas da ke birnin Barcelona a Sifaniya, tsohon filin wasan shanu ne na 1900 da aka mayar da shi cibiyar kasuwanci a 2011. Lif ɗin gilashi da ke wajen ginin ana biyan ɗan kuɗi kafin a shiga, amma wanda ya bi ta cikin shaguna zai isa wannan rufin ba tare da ya biya komai ba.

Game da lokaci, cunkoso ya fi yawa gab da faɗuwar rana da kuma ranakun hutun ƙarshen mako, don haka mai tafiya da tsohuwa da yara gara ya je da hantsi a ranar aiki, jim kaɗan bayan an buɗe. Idan abin da kike son gani yana yamma da ginin, hasken safe ne zai fito da shi, idan kuma yana gabas, sai bayan rana ta karkata. Ki duba shafin cibiyar a intanet a ranar da za ku je, saboda akan rufe farfajiya idan ana ruwa ko iska mai ƙarfi, ko kuma idan an kama wurin domin wani biki, sannan wasu wuraren sai an yi rajistar lokaci tun kafin a zo ko da kyauta ne.

Yara kuwa, shingen da ake kewaye rufin da shi an yi shi ne ya fi ƙarfin yaron da ke tsaye a ƙasa. Haɗarin yana zuwa ne a lokacin da babba ya ɗaga yaro ya ɗora shi a kan shinge ko a kafaɗa domin ya gani ko domin hoto. Kada a yi haka ko na daƙiƙa ɗaya. Iskar sama ta fi ta titi ƙarfi, saboda haka ki ɗaure mayafi da kyau, ki riƙe hulunan yara, kuma kada a miƙa waya ta wuce shinge, domin abin da ya suɓuce daga can a kan masu wucewa zai faɗa.

TAMBAYA: Malam, tunda akwai dogayen gine-gine da ake sayen tikiti a hau, ashe ba su suka fi dacewa da mai son ganin gari ba? Daga wani mai karatu.

AMSA: Ɗan'uwa, kowanne da irin abin da yake nunawa. Gadar kallo da ke hawa na 99 a Kingdom Centre ta Riyad, ginin da tsayinsa ya kai kusan mita 302 kuma akwai cibiyar kasuwanci a ƙasansa, ko farfajiyar kallo ta Shibuya Sky a Tokyo, wadda ke kan tsayin mita 229, za su nuna maka shimfiɗar birni da iyakarsa. Amma nisan hange ba ya ƙaruwa daidai da tsawo. A fili mai sarari, mutumin da ke kan mita 25 yana iya hango kusan kilomita 18, wanda ke kan mita 100 kuma kusan kilomita 36, wato sai an ninka tsawo sau huɗu kafin nisa ya ninku sau biyu, kuma hayaƙi da hazo sukan cinye yawancin ƙarin. Daga rufin kanti mai hawa shida ko takwas kuwa, kana daidai da ƙubbobi da hasumiyoyi, kana bambance mutum da mota, kana jin hayaniyar titi. Ni na fi son wannan ga baƙon da yake neman ya gane gari, domin daga nan ne zai iya tantance hanyar da zai bi idan ya sauko. Idan dai ka zaɓi dogon gini, ka sayi tikitinka da wuri, kuma ka sani cewa a wuri irin Shibuya Sky sai ka ajiye jaka da hula a akwatin ajiya kafin a bar ka ka fita saman rufi.