Ga amsarka mutumin Kano, daga zangon Kumasi

Malam ka tambaya wai da gaske ne a Gana Bahaushe yana auren 'yar coci, kuma in an haihu me za a kira 'ya'yan, Hausawa ko me. Tun shekaranjiya na ga tambayar na ƙyale, don da a ranar na amsa da ba za ka ji daɗi ba. To ga ɗaya daga cikin 'ya'yan yana maka magana. A Aboabo aka haife ni cikin Kumasi, babana Bahaushe ne, uwata kuwa Batoniya, wato 'yar Asante, mu Tonawa muke ce musu tun zamanin kakanni, kuma 'yar cocin Metodis ce har gobe.

Kafin ka ce subhanallahi bari in tambaye ka. Kakan kakana fataucin goro ya fito da shi daga Kano, da jakuna, wata da watanni a hanya har Salaga a ƙasar Gwanja. Da yaƙin Salaga ya watsa kasuwar a 1892 fatake suka bazu, wasu suka bi su malami Alhaji Umaru zuwa Karaki, wato Kete Krachi, wasu suka gangaro kudu, namu daga baya ya sauka Kumasi. Mutumin da ya taho da jaki da kanwa, ka ji an ce ya goyo mace a bayansa? To 'yar wa zai aura? Duk gidan da ka shiga a zango in ka tona za ka tarar da kaka Bagwanjiya ko Badagombiya ko Batoniya, wasu dai ba sa son a tona ne.

Uwata Maame muke ce mata. Matar nan ba ta taɓa yin azumi ba amma shekara talatin ita ke tashi ƙarfe uku na dare ta ɗora tukunyar sahur, tana dakan fufu tana rera waƙoƙin cocinsu da Tuwi, harshen Tonawa, ƙasa-ƙasa don kar Baba ya ce wani abu, shi kuma yana ji sarai sai ya yi kamar carbinsa ya ɗauke masa hankali. Waƙoƙin nan wallahi na haddace su ban sani ba, har yau in ina tuƙi sai in ji bakina ya kama ɗaya sai in yi istigfari in yi dariya. Kuma ita ce dai in na gudu daga makarantar allo take kamo ni da kunne ta miƙa wa malam ta ce a ƙara masa. Naman alade bai taɓa shiga gidanmu ba. Dodon koɗi ne kawai ta ƙi bari, tana da 'yar tukunyarta daban da ba mai taɓawa.

Ba zan ce maka babu tsami ba. Namiji ya auro Kirista ba wanda zai ɗaga kai, amma 'yar zango ta ce ɗan coci take so, nan gida ke kamawa da wuta, akwai 'yar gwaggona da aka shekara bakwai ba a ambaci sunanta a tsakar gida ba. Sai kuma ranar mutuwa. Da kakata ta wajen uwa ta rasu sai da gawarta ta yi wata biyu a firjin asibiti ana jiran dangi su gama shawara da gyaran gida, mu da muka saba a rasu da safe a rufe kafin la'asar abin ya tsaya mana a wuya. Ranar jana'iza kowa cikin ja da baƙi, ana kiɗan adowa mata na rawa da hannu, ga Baba ya zo da abokansa na zango su wajen ashirin cikin manyan riguna, suka bi layi suna gaisawa daga dama zuwa hagu yadda Tonawa ke yi, ya ba da gudunmawarsa aka faɗi adadin a lasifika aka tafa. Da la'asar ta yi wani kawuna, dattijon coci ne fa, shi ya kawo musu ruwa a buta ya nuna musu inuwar da za su yi salla.

A wurin Tonawa ɗa na dangin uwa ne, a wurin Hausawa na uba ne, don haka ni kowane ɓangare cewa yake nasa ne. Sai dai in faɗa ya tashi a tasha, nan take in koma pepeni, kalmar da suke jifan 'yan arewa da ita. A 1969 Firaministan Gana Busia ya ba baƙi marasa takardar zama sati biyu su bar ƙasa, ƙanin kakana da aka haifa a nan aka loda shi a babbar mota zuwa Najeriyar da bai taɓa gani ba. Ku ma kuka rama a 1983 lokacin Shagari, har kuka sa wa jaka suna Ghana Must Go.

Maganar ko mu Hausawa ne na gaske kuwa, na je Kano sau ɗaya, ta Aflawo da Lome da Kwatano da Legas, ƙugu kamar zai karye. A Kantin Kwari na ce wa mai shago matana ne ya aiko ni, yana son atamfa, yaran shagon suka dinga dariya har da kiran maƙwabta, ɗan Gana sake faɗi. E, mu a baki ba ruwanmu da ta da ya, kowa ya ne, kuma ƙ da k duk ɗaya muke furtawa, wannan da nake rubutawa ma rediyo da finafinanku ne suka gyara min. Amma ka zo kasuwar Kejetiya a Kumasi da safe ka gani, Batone na layin koko da ƙosai yana kiransa Hausa koko, waakye da ƙasar nan ke alfahari da shi shinkafa da wake ne aka gutsure sunan. Bafrafre da Bamoshe da Bazabarme in sun haɗu a zango da Hausa suke ciniki. Mu muka riƙe muku harshen nan a bakin kurmi sama da shekara ɗari, lada ɗaya dai ba a ba mu ba sai dariya.

Na san abin da ya tayar muku da hankali, hoton Babban Limamin Gana Shehu Usman Nuhu Sharubutu a cocin Katolika a Akara ranar Ista ta 2019, lokacin cikarsa shekara 100. A nan ma an yi ta ce-ce-ku-ce, ba wai kowa ya yarda ba. Ni dai ban ga abin mamaki ba, gaisuwa ya je, irin wadda Baba ya yi a jana'izar surukarsa.

Zan tsaya nan, gobe Lahadi kuma ƙafar Maame ta soma ciwo ba ta iya hawan tirotiro, wato bas ɗin haya, ni zan kai ta coci a Adum. A mota nake jiranta, kuma Metodis in suka kama waƙa ba sa sallama da wuri, sai in tafi da goro.