Yadda za ki taho da zamzam, zuma da turare daga Umara

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin tambayi yadda za ki dawo da zamzam, zuma, man zaitun da turare ba tare da an ƙwace ko sun fashe a hanya ba. Allah ya kai ki lafiya, ya karɓi ibada.

Bari in fara da zamzam, don a nan mutanenmu suka fi shan wuya. Don Allah kada ki ɗura shi a goruna ki cusa cikin akwati, ko da abokan tafiya sun ce miki su haka suka saba yi. Kowane akwati sai ya bi ta na'ura, kuma ruwa ba ya ɓuya. A Jidda na ga wata dattijuwa zaune a ƙasa tana zazzage kayanta, jallabiyoyin jikoki da dabino duk a warwatse, tana zaro goruna ɗaya bayan ɗaya, layi kuwa yana ta tafiya ya bar ta. Abin ya ba ni tausayi ƙwarai. Hanyar da aka yarda da ita ita ce jarkar nan mai lita 5 da aka liƙe tun daga masana'anta, ana sayar da ita a filin jirgin, mutum ɗaya jarka ɗaya, kuma daban ake karɓarta. Ki tambayi kamfanin jirginki tun kafin ranar tashi ko suna lissafa ta cikin nauyin kayanki. Sannan ki rubuta sunanki ɓaro-ɓaro a jikin kwalin jarkar da alƙalamin maka, domin in an sauke su a Kano duk kamarsu ɗaya.

Jakar hannu kuwa, duk wani abu mai ruwa kada mazubinsa ya wuce mililita 100. Girman kwalbar ake dubawa, ko da rabi ce a ciki. Zuma ma ruwa ce a wajensu. In jirginki zai yada zango a Addis Ababa ko Alƙahira, ki sa a ranki za a iya sake bincike a can, don haka turaren da kika saya a shagon cikin filin jirgi ki bar shi a ledarsa a liƙe, da rasit a ciki, har ki iso gida.

Sauran duk su shiga babban akwati. Ga yadda nake yi: in murfin mai buɗuwa ne, sai in shimfiɗa 'yar leda a bakin kwalbar in mayar da murfin in ɗaure tamau, in naɗe da salatif, in sa a leda biyu, sannan in zura cikin safa mai kauri. Wurinta tsakiyar akwati, tufafi ta ko'ina, kada kwalba ta taɓa kwalba ko ta jingina da gefen da tayoyi suke. Wurgi ake yi da akwatunan nan, Hajiya. Man zaitun ki nemi na gwangwani, ni dai ban ga dalilin ɗaukar na kwalba ba. Fararen kaya da harami ki raba su da akwatin mai gaba ɗaya.

Ki kula da nauyi. Litar zuma ɗaya ta kusa kilo ɗaya da rabi, yawancin jirage kuma kilo 23 suke ba kowane akwati, kuɗin ƙari yana iya fin kuɗin zumar. Turaren fesawa shi ma da iyaka: kowace kwalba kada ta wuce mililita 500, jimilla lita 2 ga mutum ɗaya. Tsarabar 'yan uwa ƙananan kwalaben miski da oud sun wadatar.

Fawa bank da magungunanki su zauna a jakar hannu. Ki sayi ɗan sikelin rataye tun daga gida, ki auna komai a masauki daren da za ku tashi.