Boru da kilishin da bai hau jirgi ba

Ajiye barhon nan tukuna, Habu, ka zo ka zauna. Tun safe na lura ranka bai so abin da na yi da Hajiyar nan ba. Ta zo da kuɗinta tana son kilishi mai yawa za ta kai wa 'yarta Ingila, na ce mata in dai don tafiyar ne kada ta saya, a filin jirgi za a karɓe. Da ta tafi ka ce min: "Maigida, boru fa ba ya kama mutum, saniya ma sati biyu ta miƙe. A kan wannan ne ake ƙwace wa mutane nama, har na ji a rediyo Ingila ta taɓa hana naman Jamus shiga? Anya ba raini ba ne kawai?" Tambayar ta yi kyau. Ni ma na daɗe da irin wannan tunanin a raina, sai da abin ya taɓa ni sannan na sake lale.

Ka yi gaskiya a abu biyu. Boru, wanda a rediyo suke cewa ciwon baki da kofato, da wuya ƙwarai ya kama ɗan Adam. Kuma babbar saniya ba kasafai yake kashe ta ba. Amma ka taɓa tsayawa ka kalli wadda ya kama? Za ka gan ta tsaye ta sunkuyar da kai, yawu na dalala kamar zare har ƙasa, tana tauna iska, bakin na ƙara caɓ-caɓ. Ka buɗe bakin, ka ga bororo a harshe da dasashi. Wani ya fashe, fatar harshen ta saluɓe ta bar jan nama. Tsakanin kofato ma haka, shi ya sa take ɗaga ƙafa tana ajiyewa kamar mai taka garwashi. In mai shayarwa ce, har kan nono yake fitowa. Ga ciyawa a gabanta, ga yunwa, ba halin ci. Sati biyun da kake faɗa, a cikinsa kitsen wata uku yake zubewa, nono ya ƙafe, mai ciki ta yi ɓari, san noma ya kasa jan garma a daidai lokacin da ake bukatarsa. Shanu, tumaki, awaki, aladu, duk mai rababben kofato yana kamuwa. Doki da jaki ba ruwansu.

Abin da ya bambanta shi da sauran cututtuka shi ne saurin yaɗuwa. Yana cikin yawu, yana cikin nono, yana cikin kashi da numfashi. Yana bin takalmi, igiya, tayar tirela, kwanon ban ruwa, har iska takan ɗauke shi daga wannan garke zuwa wancan. Kuma dabba takan fara zubar da ƙwayar tun kafin alama ta fito mata. Daga kamuwa zuwa bayyana yakan ɗauki kwana 2 zuwa 14. Ka lissafa: a cikin kwanakin nan sa ya taso daga Nijar, ya kwana Maigatari ranar Alhamis, ya shiga Wudil ranar Juma'a, kafin sati ya zagayo yana Legas. Duk mashayar da ya sa baki, ya bar tsaraba.

Ni a gidana na koyi wannan. Shekarun baya, saura kamar wata biyu Babbar Sallah, ina da bijimai huɗu da nake turkawa, da saniya ɗaya mai ɗan maraƙi. Na je wata kasuwar ƙauye na ga sa mai kyau, Bunaji, an yi masa kuɗi ƙasa da yadda ya kamata. Na ga bakinsa da ɗan jiƙe, dillalin ya ce ƙaiƙayin dusa ne. Arha ta rufe min ido, ban buɗe bakin ba. Na kawo shi na ɗaure cikin 'yan uwansa, kwano ɗaya suke sha. Kwana biyar duk suka kama dalala. Bijiman sun warke, amma da Sallah ta zo haƙarƙarinsu ana ƙirgawa, na sayar da su ban fid da kuɗin abinci ba. Maraƙin kuwa ko ƙurji ɗaya bai yi a baki ba. Da yamma yana tsalle, da asuba na tarar da shi a miƙe. Da na feɗe shi, na ga zuciyar da layi-layi fari-fari a jikin tsokar. Likitan dabbobi ya ce min haka boru yake yi wa ƙanana, zuciya yake bi. Abin da ya fi ci min rai, awakin maƙwabciyata, tsohuwa mai riƙe da marayu, su ma suka kama ɗingishi. Har yau in na tuna sai na ji nauyi.

To yanzu ka ɗauki gidana ka mai da shi ƙasa guda. A watan Janairun 2025 aka samu boru a wani ƙaramin garken ɓaunar kiwo a jihar Brandenburg, kusa da Berlin. Rabon Jamus da ciwon tun 1988. Garken bai kai dabba ashirin ba, amma nan take aka kashe su, aka kashe na kusa da su, aka hana zirga-zirgar dabbobi a yankin, har gidajen zoo na Berlin aka rufe. Cikin 'yan kwanaki Ingila ta hana shigo da shanu, tumaki, aladu da ɗanyen namansu daga Jamus. Koriya ta Kudu da Meziko su ma suka ja ƙofa. A watan Maris ciwon ya ɓulla a Hungary, wadda ta yi sama da shekara 50 ba ta gan shi ba, sannan a Slovakia. Daga 12 ga Afrilu Ingila ta ce duk matafiyin da ya taso daga ƙasashen Tarayyar Turai kada ya shigo da nama ko cuku ko madara a jakarsa, ko da burodi ne da yankan nama a ciki, kuma tarar takan kai fam 5,000. Ka ga ashe junansu ma suna yi wa. Mu kuwa na wajen Turai, tun tuni dokar ta hana mu shiga da nama a jaka. Shi ya sa na ce wa Hajiya ta riƙe kuɗinta.

Ingila ba a banza take firgita ba, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. A 2001 boru ya shiga musu, kuma ka san inda aka fara gane shi? A mayanka, irin wurin aikinmu, wani likitan dabbobi ya lura da aladu suna ɗingishi. Da aka bi sawu sai aka kai ga wata gona a arewacin ƙasar inda ake ba aladu ragowar abincin da ba a dafa yadda doka ta ce ba. Kafin a farga, tumakin da suka kamu sun ratsa kasuwanni sun watsu ko'ina, don tunkiya takan ɗauki ciwon ba tare da an ga wata alama mai ƙarfi ba. Sai da aka hallaka dabbobi sama da miliyan 6, ana tara su ana ƙonawa a fili. Asarar ta kai wajen fam biliyan 8, har zaɓe aka ɗaga. Mutanen da suka gaji garke tun kaka da kakanni suka wayi gari ba ko maraƙi.

Za ka ce to dabba mai rai an ji, nama fa, da an riga an yanka? Nan ne nake so ka buɗe kunne, don wannan ilmin sana'armu ne. Ka san in an yanka sa aka rataye shi, tsoka takan sandare, daga baya ta saki. A cikin wannan lokacin tsokar takan yi wani ɗan tsami na kanta, kuma ƙwayar boru ba ta jure tsami. In aka bar nama a ɗakin sanyi na kwana guda, ba tare da ya daskare ba, tsokar takan kashe ƙwayar da kanta. Amma tsamin nan ba ya shiga ɓargo. Ba ya shiga 'yan ƙulle-ƙullen kaluluwar nan da nake sa ka cire a wuya da matsematsi. Kayan ciki, kai da ƙafa, gudan jini, duk ƙwayar tana iya zama lafiya lau a cikinsu. Ƙanƙara kuma ba kashe ta take yi ba, adana ta take yi, ta yi watanni. Gishiri da shanya ma ba tabbas. Wuta ce maganinta, ita ma sai zafin ya ratsa har tsakiyar naman, digiri 70 na tsawon rabin awa. Shi ya sa ƙasashe irin su Botswana da Namibiya, masu kai nama Turai, sai sun zare ƙashi, sun cire kaluluwa, kuma daga yankin da aka kewaye da shinge aka tabbatar ba ciwon.

Kilishinmu fa? Ni na san yadda nake yin nawa: a yanka tsoka falle-falle, a shanya, a tsoma a labu, a sake shanyawa, a gasa. Na yarda da shi. Amma jami'in da ke tsaye a filin jirgi bai san ni ba, bai san wutar da na sa ba, ba shi da yadda zai bambance nawa da na wanda ya nuna wa wuta kawai ya ɗauke. Kuma tsoronsa ba 'yar Hajiya da za ta ci ba ne. Ragowar da za a zubar a shara ce, ta ƙare a bakin wata dabba. Ƙunshi ɗaya cikin dubu ya isa.

Ba zan ce maka siyasar kasuwa ba ta shiga irin wannan harka ba. Tana shiga. Akwai ƙasar da za ta rufe wa ƙasa guda ƙofa alhali ciwon a lungu ɗaya yake, ita kuwa Tarayyar Turai a tsakaninta kewayen gonar kawai ta killace, sauran Jamus suka ci gaba da ciniki. Mu ma nan Najeriya mun hana shigo da daskararrun kaji da naman sa, kuma kare masu kiwon gida na cikin dalilan. Amma kada ka fake da wannan ka ce duk raini ne. Akwai hukumar lafiyar dabbobi ta duniya mai mazauni a Faris, ita ke riƙe da jerin ƙasashen da aka shaida ba su da boru. Shiga jerin nan shi ne lasisin sayar da nama a manyan kasuwannin duniya. Jamus ta fita daga ciki a rana ɗaya, sai da ta yi wata uku tana gwaji da killacewa kafin ta koma. Mu ba mu cikinsa. Duk yawan shanun da ke Arewa, duk iya yankan mahautan Kano, wannan ƙofar a rufe take gare mu, kuma boru na cikin manyan dalilai. Wannan shi ke damuna fiye da kilishin Hajiya.

Ina yaro kamar kai, a 1983, annobar shanun nan da ake kira bushiya ta shigo ta yi wa Fulani ta'asa, garke guda ya ƙare cikin kwanaki. Saboda tana kisa, kowa ya tashi tsaye, kuma allura ɗaya takan tsare saniya har ƙarshen rayuwarta. A 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya. Boru kuwa tunda ba ya kisa a fili, sai muka saba da shi kamar mura. A goga kanwa ko gishiri a baki, a jira. Rigakafinsa ma akwai wahala: iri bakwai ne, allurar wannan ba ta tsare wancan, kuma kariyar wata shida ne sai an sake. A Najeriya an samu iri huɗu daga ciki. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a Filato tana yin allurar, amma sai an riƙe ta da sanyi har ta isa ruga, kuma sai kowa ya yi tare. In kai ka yi, maƙwabcinka bai yi ba, mashaya ɗaya za ta haɗa ku.

Don haka rufe boda irin na Ingila ba zai fishe mu ba. Ciwon yana cikin gida, kuma shanun Nijar da Chadi da Kamaru babban kaso ne na cinikinmu, ta burtali suke shigowa ba ta ƙofa ba. Abin da nake so in gani, tunda tun 2024 an kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo ta tarayya, shi ne likita a bakin kowace babbar kara, wurin killace dabbar da aka ga alama, da wanke tirela kafin a sake loda. Wanda aka riƙe wa dabba kuma a duba asararsa, don in mutum ya san faɗar gaskiya zai talauta shi, ɓoyewa zai yi ya sayar da dare.

Kafin nan, akwai abin da ke hannunka. Ran Juma'a tare za mu je Wudil, kuma kai za ka duba, ni ina gefe. Kada ka fara da cinya ko tozo. Fara da ƙasan da san yake tsaye, ka ga ko akwai kumfar yawu. Ka sa a ja shi ya yi taku biyar ka kalli ƙafafun. Ka kama hanci ka buɗe baki, ka jawo harshe ka duba sama da ƙasa, ko da dillali zai ce kana ɓata masa lokaci. Wanda muka saya, in ba yanka za a yi washegari ba, turkensa daban, kwanonsa daban, har sati biyu. In mun dawo, takalman kasuwa a waje za su tsaya, ka kankare kashin ka wanke su da ruwan soda kafin ka shiga wurin bijiman nan. In kuma wata rana a mayankar Abbatuwa ka feɗe kai ka ga harshe a saluɓe, kada ka yanke wurin ka jefar ka yi shiru. Ka kira likitan, ka faɗa masa daga wace kasuwa dabbar ta fito.

Hajiya ta ce za ta aiko direba da yamma, na gida take so yanzu. Tashi ka juya na kan gadon shanyar can kafin rana ta karya.