Tambaya da Amsa: Da me mutanen Tristan da Cunha suke rayuwa?

Tambaya: Na ji an ce akwai wani tsibiri da ya fi kowane wuri da mutane ke zaune nisa da sauran al'umma. A ina yake, kuma da me mazaunansa suke ciyar da kansu? Daga wani malamin makaranta, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Malam, sunan tsibirin Tristan da Cunha, yana kudancin Tekun Atlantika a ƙarƙashin ikon Birtaniya, wadda ta karɓe shi a 1816 lokacin da take tsare da Napoleon, tsohon sarkin Faransa, a tsibirin Saint Helena. Tsakaninsa da birnin Cape Town na Afirka ta Kudu akwai kimanin kilomita 2,800, wato kusan ninki uku na tafiyar mota daga Sakkwato zuwa Legas, ga shi kuma babu filin jirgin sama, sai jirgin ruwa da yake shafe kusan mako guda a hanya.

Tsibirin kansa dutse ne mai aman wuta wanda tsayinsa ya kai mita 2,062, shi ya sa mazaunansa, kimanin mutum 250, suka taru a ƙauye guda a kan ɗan shimfiɗaɗɗen filin da ke arewa maso yamma. Da dutsen ya yi aman wuta a 1961 an kwashe su duka zuwa Ingila, amma a 1963 yawancinsu suka zaɓi komawa gida.

Kuɗin shiga kusan duk daga teku yake fitowa, domin suna kama wani babban nau'in jatan lande da ake kira lobsta, a daskarar da shi a masana'antar ƙauyen, a sayar wa ƙasashen waje. Akwai kuma cinikin kan sarki ga masu sha'awar tara shi, amma bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kamun lobsta. Hatsarin dogaro da kaya guda ya fito fili a 2008, da gobara ta cinye masana'antar.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne dokar ƙasarsu. Fili na jama'a ne baki ɗaya, baƙo ba shi da damar saye, kuma an ƙayyade yawan shanun da kowane gida zai kiwata saboda ciyawar ba ta da yawa, don kada mai hali ya cinye makiyayar talaka. Kowane gida kuma yana noman dankalin turawa, wanda shi ne babban abincinsu.