Amsoshin Tambayoyinku: Baje Kolin Ayyukan Karatu a Intanet

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji uku a fannin zanen gine-gine a Zariya. Tun daga shekarar farko nake tara zane-zane da hotunan ƙananan samfuran gini da na haɗa da kwali, wasu suna cikin waya, wasu a filashi, wasu kuma a naɗe a ɗaki. Yayata da ke aiki a Abuja ta ce in tattara su a shafin intanet kafin lokacin fita horon sanin makamar aiki. Ba ni da kuɗin biyan mai gina shafi, kwamfutar ma aro nake yi. Ta ina zan fara, kuma duka zan zuba ko zaɓe zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Yayarki ta ba ki shawara mai kyau, kuma zan fara da tambayarki ta ƙarshe domin ita ce ta fi nauyi. Kada ki zuba duka. Wanda zai buɗe shafin, ko shugaban ofishin zane ne ko malamin da ke tantance masu neman gurbin ƙarin karatu, yana da wasu takardun masu yawa a gabansa, kuma sau da yawa aikin da ya fi rauni a cikin abin da aka nuna masa shi ne yake tsaya masa a rai. Ki zaɓi ayyuka biyar ko shida waɗanda za ki iya kare su da baki idan aka tsare ki da tambaya, ki sa mafi ƙarfinsu a gaba, ko da kuwa ba shi ne na baya-bayan nan ba. 'Yar kasuwa mai wayo ba ta zazzage buhu gaba ɗaya a kan faifai.

Abin da ɗalibai suka fi sakaci da shi shi ne bayanin da ke raka kowane aiki, alhali shi ne yake bambanta kundin ayyuka da tarin hotuna. A ƙarƙashin kowane aiki ki rubuta abin da aka ce ku yi, da ajin da kike a lokacin, da shekarar, da kayan da kika yi aiki da su, ko da hannu ne ko da manhajojin zane na kwamfuta irin su AutoCAD ko SketchUp ko Revit. Sannan ki faɗi matsalar da kika tarar da yadda kika warware ta. Idan, alal misali, ƙaramin asibitin karkara aka ce ki zana, mai dubawa zai so ya ji dalilin da ya sa kika fuskantar da manyan tagogi zuwa arewa da kudu kika rage na gabas da yamma saboda zafin rana, da abin da kika tanada domin ƙurar hunturu, da inda mata masu jiran awo za su zauna ba tare da an ratsa ta cikinsu ba. Jimloli huɗu ko biyar sun isa. Ina kuma ba da shawarar ki nuna zanen farko na fensir kusa da na ƙarshe, ki faɗi abin da malamai suka soka a ranar kare aikin da abin da kika sauya bayan nan. Ɗalibai da dama suna jin kunyar wannan, amma a ganina babu abin da ya fi shi nuna cewa mutum yana karɓar gyara, wanda kuwa shi ne babban abin da ake nema wajen mai koyon aiki.

Wajen ɗaukar hoton zanen da ke kan takarda, ki fita da shi inuwa da hantsi, ki shimfiɗa shi a wuri mai daidaito, ki riƙe wayar daidai saman tsakiyarsa don kada layukan su karkace, kuma ki kashe fitilar kyamara. Samfurin kwali kuwa ki sa masa farin ƙyalle a baya. Hoton wayar zamani yakan kai megabait 3 zuwa 5, saboda haka hotuna 20 a shafi ɗaya za su iya cinye wa baƙonki kusan megabait 80 na data, kuma in layinsa ba shi da ƙarfi zai rufe kafin su gama buɗewa. Akwai shafin Squoosh na kamfanin Google, wanda yake rage nauyin hoto kyauta ba tare da an sauke wata manhaja ba. Faɗin ɗigo 1,600 (wato pixel, ƙananan ɗigon da suke haɗa hoto) da nauyin kilobait 200 zuwa 300 ya wadatar a fuskar waya da ta kwamfuta. Asalin hotunan ki adana su daban, kada ki taɓa su.

Game da inda za ki ɗora, wurare biyu ne suka dace da halinki, kuma dukansu kyauta ne. Behance, wanda kamfanin Adobe ya saya a shekarar 2012, dandali ne na masu zane, kuma masu neman ma'aikata a wannan fanni sun saba da shi. Google Sites kuma yana ba ki damar tsara shafi naki na kanki, da shafin gabatarwa da shafi ga kowane aiki, ba tare da kin san komai game da rubuta manhaja ba, sai dai tsara shi yana buƙatar kwamfuta, don haka ki shirya rubutunki da hotunanki a waya tukuna, ranar da kika samu aron kwamfutar sai ki yi haɗawa kawai. Abubuwa biyu ne suke yawan kayar da masu amfani da shi. Duk gyaran da aka yi ba ya bayyana ga jama'a sai an sake danna maɓallin wallafawa, kuma duk fayil ɗin da aka jawo daga Google Drive, in ba a buɗe izininsa ga duk mai adireshin ba, baƙo zai tarar da saƙon neman izini ne a maimakon aikin. Da kin gama, ki buɗe shafin a wayar wata ƙawarki wadda ba ta shiga asusunki ba, domin abin da ta gani shi ne abin da duniya take gani.

Ki buɗe asusun da imel ɗinki na kanki, mai ɗauke da cikakken sunanki, ba da wanda makaranta ta ba ki ba, domin makarantu da yawa sukan rufe na ɗalibi bayan ya kammala, kuma tun watan Yulin 2022 Google ya daina bai wa makarantu wurin ajiya marar iyaka. Kamfanonin ma ba su da tabbas: a shekarar 2009 Yahoo ya rufe GeoCities, shafukan mutane masu ɗimbin yawa suka tafi tare da shi. Saboda haka ki haɗa kwafin kundin a matsayin fayil ɗin PDF wanda bai wuce megabait 10 ba, domin wasu ofisoshin ta imel suke so a aika musu, kuma Gmail ba ya ɗaukar abin da ya haura megabait 25 a maƙale. A kan shafin kuma, adireshin imel ya isa hanyar tuntuɓa. Ranar haihuwa, da lambar rajistar makaranta, da lambar katin ɗan ƙasa, da adireshin gida ba su da wurin zama a can, lambar wayarki ma ki bar ta ga wanda ya rubuto miki kika tabbatar da ko wane ne. Sa hotonki ba dole ba ne.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina karanta kimiyyar kwamfuta a wata kwalejin fasaha a Kano. Mu biyar muka haɗa manhajar lissafin kaya a shagon magani, amma ni na rubuta mafi yawanta. Akwai kuma wani aiki da na yi wa kamfanin da na je horon sanin makamar aiki, da jinga-jingar da malamai suka ba mu. Zan iya ɗora su duka a GitHub da sunana?

Amsa: Malam, GitHub ɗin, wato dandalin da masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu a intanet, shi ne wurin da ya dace da kai, amma ayyukan nan uku da ka lissafa hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Aikin haɗin gwiwa ba naka ba ne kai kaɗai, ko da kai ka ɗauki mafi nauyinsa. Ka nemi yardar sauran huɗun, ko da ta saƙon WhatsApp ne da za ka ajiye, ka rubuta sunayensu in sun amince, sannan ka fayyace naka ɓangaren dalla-dalla: kai ka tsara rumbun bayanai, kai ka rubuta sashen da ke gargaɗi idan magani ya kusa lalacewa, wani kuma ya tsara fuskar manhajar. Wannan ya fi maka amfani a kan cewa kai ka yi komai, domin a wurin ganawar neman aiki za a buɗe wani sashe a ce ka yi bayaninsa, kuma in na abokinka ne za a gane nan take.

Aikin kamfani ya fi haɗari. Shirin horon nan na SIWES, wanda hukumar horar da ma'aikata ta ITF ta ƙirƙiro a shekarar 1973, yana shigar da ɗalibi cikin harkokin cikin gida na ma'aikata, kuma abin da ka rubuta musu yana iya ɗauke da sunayen abokan cinikinsu, da lambobin waya, da farashinsu. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta ɗora alhaki a kan masu riƙe da bayanan mutane, kuma akwai hukumar NDPC da ke sa ido a kan aiwatar da ita. Kada ka ɗora ko layi ɗaya sai da rubutaccen izinin kamfanin. In sun ƙi, ka rubuta sakin layi guda a kan irin matsalar da ka warware da kayan aikin da ka yi amfani da su, ba tare da ambaton abin da zai tona musu asiri ba. Haka nan manhajar shagon maganin, ka share duk bayanan gaske ka cika ta da na misali kafin ka ɗauki hotonta.

Jinga kuwa, malamai da yawa suna maimaita ta ga kowane sabon aji. In ka baje amsarka a fili, na bayanka za su kwafe, kuma ranar da aka kama su sunanka ne a kan asalin. Ka tambayi malamin. Tun shekarar 2019 GitHub ya ba masu asusun kyauta damar buɗe ma'ajiya ta sirri, don haka za ka iya ɓoye ta ka buɗe wa wanda ka ga dama kawai. Kundin binciken kammala karatu ma haka yake: ka tuntuɓi malamin da ke duba ka kafin ka saki cikakkensa, domin wataƙila yana da niyyar ku fitar da maƙala daga ciki, kuma manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin suna iya nuna cewa rubutun ya riga ya bayyana a intanet. In ya amince, rumbun Zenodo da cibiyar binciken kimiyya ta CERN a Turai ke gudanarwa tun 2013 yana karɓar irin wannan kyauta, yana kuma bai wa aikin lambar shaida ta dindindin da ake kira DOI.

Ta fuskar fasaha, GitHub Pages zai ba ka shafi kyauta mai adireshi da sunan asusunka sai github.io a ƙarshe, kuma girmansa bai kamata ya wuce gigabait 1 ba. Shafuka marasa motsi kawai yake ɗauka, wato ba zai gudanar da harshen rubuta manhaja irin PHP ko rumbun bayanai irin MySQL ba, saboda haka manhajar shagon sai dai ka nuna ta da hotuna ko bidiyon minti biyu. Ka rubuta wa kowace ma'ajiya fayil ɗin README mai bayanin abin da manhajar take yi da yadda ake tayar da ita. Kuma ka bincika sosai kada kalmar sirri ta shige cikin abin da ka tura, domin goge ta daga baya ba ya fitar da ita daga tarihin ma'ajiyar. In hakan ta faru, sauya kalmar sirrin ita ce mafita.

Tambaya: Ni ɗalibin aikin gona ne a Maraɗi. Rahotannin gwajin da muke yi a gonaki duk da Faransanci suke. Da wane harshe zan rubuta shafina, kuma sai na sayi adireshi na kaina?

Amsa: Ka rubuta da harshen wanda kake so ya ɗauke ka aiki ko ya ba ka tallafin karatu, wanda a yanzu ga mafi yawan ƙungiyoyi da cibiyoyin bincike a ƙasarku Faransanci ne. Amma ka ƙara taƙaitaccen bayani da Hausa a ƙarƙashin kowane rahoto. A shekarar 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma ko ba don haka ba, malamin gona da zai iya bayyana sakamakon gwajin irin gero ko wake da harshen manomin yana da wata daraja da takardar shaida ba ta nunawa. Haruffa masu lanƙwasa suna fita daidai a cikin rubutun shafi, amma kada ka sa su a sunan fayil ko a adireshi, domin sukan rikiɗe su zama wasu alamomi idan aka tura wa wani. Manoman da za su fito a hotunanka ka nemi yardarsu tukuna, ka kuma kashe alamar wuri a kyamarar wayarka, domin hoto yakan ɗauki bayanin daidai inda aka ɗauke shi.

Adireshi na kanka ba saye ba ne na har abada, haya ce da ake sabuntawa duk shekara, ko mai ƙarewa da .ne na Nijar, ko .ng na Nijeriya da ƙungiyar NiRA ke kula da shi, ko .com. Shekarar da ka kasa biya shafin zai daina buɗewa, wani kuma yana iya karɓe sunan, alhali ka riga ka buga shi a takardun neman aikin da ka rarraba. Ka zauna a kan adireshin kyauta har sai ka fara samun abin da za ka riƙa biya ba fashi, kuɗin da ke hannunka yanzu ka sa shi a datar ɗora rahotannin.